Ƙarƙashin Kunya

A Lamingo, gefen tsohon ramin kuza
da ruwa ya cika tun ba a haifi babana ba,
ina da kunya arba'in da biyu ta attarugu.
Bara, talatin suka mutu a tsaye.

Ba fari ba ne, injin ban-ruwa na tari har magariba.
Ba tsutsa ba ce, na juya ganye ɗaya-ɗaya
kamar mai laluben canji a aljihun tsohuwar riga.
Da safe shuka ta miƙe, kore shar,
da azahar ta sunkuyar da kai
kamar wanda aka karanta wa bashinsa gaban surukai.

Na tumɓuke guda.
Saiwar ta biyo hannuna baƙa, ta yi laushi,
tana saɓulewa, tana warin rijiyar da aka daina ja.
Ashe mutuwa daga ƙasa take hawowa,
ni kuwa sama nake ta yi wa feshi.
Kuɗin akuya biyu na kai Katako,
na dawo da kwalabe masu hoton ƙoƙon kai.

Sai ga Kachollom, 'yar maƙwabcina Dalyop,
wadda ta tafi karatu Vom da akwatin ƙarfe,
ta dawo da takalmin roba har gwiwa.
Ta tsuguna, ta murza ƙasa a yatsu, ta sunsuna.
Ta ce, Baba Barau, fumfuna ke cin saiwar nan.
Ruwa na kwana, ta samu gida.
Masu gadin kuma gubarka ta gama da su.

Na ce, wane gadi? Ko kare ba ni da shi.

Ta kwance leda. Dusa ce, ta yi kore-kore,
irin wadda ko kaji matata ba za ta ba.
Ta ce, wannan ma fumfuna ce, amma tamu ce.
Ido ba ya ganinta sai ta yi gangami.
Tana naɗe saiwa kamar zanen goyo,
ta riga muguwar zuwa akushi,
ta tare mata ƙofa,
in sun yi arba ta shaƙe ta.

Na yi dariya har hulata ta karkace.
Ƙanwar ɓarawo zan ba gadin rumbu?
Ta ce, ai da ƙaya ake cire ƙaya.

Muka cuɗa ta da takin shanu da ya huce,
muka rufe da buhu a inuwar mangwaro,
kwana bakwai.
Muka tsoma saiwar dashe kafin binnewa.
Ta sa na ɗaga kunya, na yanka wa ruwa hanya,
ya gaisa ya wuce, kada ya nemi masauki.
Kwalabena kuwa ta ce in rataye.
Wannan ya fi yi mini ciwo,
don akuyoyin ba za su dawo ba.

Kunya goma na bari a tsohuwar hanya,
can bayan dutse, ban gaya mata ba,
gudun kada in saki reshe in kama ganye.

Damina ta sauko irin ta Jos, ba ɗaga ƙafa.
Bayan dutse, bakwai suka sunkuya.
A nan gaba ma ba duka suka sha ba,
uku sun tafi ta wajen kwari,
amma saura sun yi ja har Farin Gada ta san sunana.

Ran da ta zagaya bayan dutsen nan
ta duba, ta duba, ba ta ce uffan ba.
Kunya iri biyu ta tsaya gabana.

Jiya na tumɓuke guda, don gani kawai.
Saiwa fara fat, cunkus kamar gemun ladanmu,
ƙasa na manne da ita, ta ƙi saki,
tana ƙamshin ruwan farko.

Shekara hamsin ina taka wannan lambu
kamar kangon da ba kowa a ciki.
Yanzu in na shigo da asuba, fartanya a kafaɗa,
sai in rage sauri,
in yi sallama ƙasa-ƙasa.